Ba a Yanke Zabura ta Ashirin da Biyu a Tsakiya

Ranar Talatar da ta wuce, a wajen koyon waƙa, Nuhu mai kaɗa mana fiyano ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Malam, Zaburar nan ta Juma'a Mai Kyau fa ta yi tsawo. Aya talatin da ɗaya! Mu ɗauki biyar na farko, in sa musu kiɗa mai ratsa jiki, a haska a bango, shi ke nan. Mutanen yanzu ba sa iya dogon zama." Sauran matasan suka yi dariya, suka goyi bayansa. Ban amsa masa a wurin ba, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwa. Na ce zan rubuta. To, ga shi na rubuta, domin Nuhu da 'yan'uwansa, da duk wanda yake zaton ɗora Zabura bisa karin waƙa aiki ne da mai murya da fiyano zai gama kafin shayi ya huce.

Sunana Bulus. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina malamin mawaƙa a majami'armu da ke Nassarawo, cikin Jimeta. Ba ni na ƙago sana'ar ba. A hannun Baba Habila na karɓe ta, dattijon da ya riƙe mawaƙan nan kafin ni, Allah ya ba shi hutawa. Kayan aikinsa kaɗan ne: baƙin allo, da alli, da wani littafin rubutu mai kaurin bango inda yake ajiye karin kowace Zabura, da tulun ƙasa wanda mata suke bugawa da tafin hannu. Yana kuma da gajeriyar sanda ta icen giginya da yake ba da alama da ita. Duka suna wurina har yau, ban da allin.

Aiki na farko da ya ba ni shi ne Zabura ta biyu, wadda take maganar Sarkin da Allah ya naɗa, al'ummai suna ta hargowa a kansa a banza. Cikin kwana uku na kawo masa kari, ina ji da kaina. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Bulus, murya kana da ita. Yanzu karanta mini ba waƙa." Na karanta. Ya ce, "A ina ka numfasa?" Na ce inda numfashina ya ƙare. Ya ce, "To, ka yi wa huhunka waƙa, ba ka yi wa Zabura ba." Ya fitar da ni waje, ya tsayar da ni a ƙofar majami'a, ya nuna mini bishiyar darbejiya da ke tsakar fili. Ya ce in karanta rabin aya ina tafiya zuwa bishiyar, in karanta ɗaya rabin ina dawowa. Wata uku ina wannan zirga-zirga, matan da suke shara suna tambaya ko na yi ɓatan wani abu ne. A ƙarshe ƙafafuna suka gane abin da kunnena ya kasa ganewa, wato kowace aya tafiya ce da dawowa.

Daga baya, da ikilisiya ta aike ni makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, na zauna shekara biyu a kan Ibrananci, ina bin baƙaƙensa daga dama zuwa hagu, sai na tarar abin da Baba Habila ya koya mini da ƙafa shi ne ginshiƙin waƙar Ibraniyawa. Ba ta dogara ga amsa-amo ba. Ma'ana ce take amsa ma'ana. Ɗango na farko ya faɗi magana, na biyu ya maimaita ta da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarta, ko ya ɗauke ta ya ƙara gaba da ita taki ɗaya. Na taɓa kai wannan magana wurin aminina Modibbo Hamman na cikin garin Yola, masanin ma'aunin waƙar Larabci, wanda muka saba tun muna samari. Na karanta masa ayoyi kaɗan da harshen asali, yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu. Ya girgiza kai ya ce, "Malam Bulus, wannan ba ta hau ko ɗaya daga ma'aunanmu ba, ƙafiya kuma babu. Amma ina jin mutum biyu a ciki, ɗaya yana magana, ɗaya yana ce masa haka ne." Na ce, "Modibbo, ka gama karatun da ya ci mini shekara biyu." Ya yi godiya da Fulatanci ya ce, "Useko, sai ka biya ni da goro."

Saboda haka ne muke raba mawaƙa gida biyu, dama da hagu. Ba ado ba ne. Dama ta ba da rabin aya, hagu ta amsa. Sa'an nan akwai wahalar Hausa kanta, domin kalmarmu tana da hawa da sauka, in kari ya hau inda kalma ta sauka, jama'a za su ji daɗin sauti su rasa magana. Aya guda takan ci mini mako.

Masu zuwa neman aiki iri-iri ne. Masu aure suna son Zaburar gida mai albarka da 'ya'ya kewaye da akushi. Masu makoki suna son ta makiyayi. An taɓa naɗa wani ɗan ikilisiyarmu sarautar ƙauyensu, na shirya masa ta saba'in da biyu, wadda take roƙa wa sarki adalci domin matalauta, ya zauna yana gumi cikin rawani har aka gama, domin ta fi kama da gargaɗi. Wata rana kuma wani ɗan kasuwar Jimeta mai sayar da kayan gyaran babur ya same ni, ya rage murya ya ce, "Malam, an ce akwai aya da ke cewa Allah ya kakkarya haƙoran maƙiyi. Abeg, ita nake so ranar godiyata. Maƙwabcin shagona zai zo." Na ce akwai, amma ba na sayar da Zabura yanka-yanka kamar nama. In yana so, za a rera ta daga farko har ƙarshe, ya ji inda mai waƙar ya bar ramako a hannun Allah. Ya yi tsaki ya ce to a bar shi da ta makiyayi.

Wannan ka'ida ta Baba Habila ce, kuma a kan waƙoƙin Almasihu ya fi tsananta ta: ta biyu, da ta ɗari da goma, da ta ashirin da huɗu, amma fiye da duka ta ashirin da biyu. Kun san yadda ta fara, da kukan wanda yake tambayar Allahnsa dalilin da ya yashe shi. Ubangijinmu ya ɗauki farkon nan a bakinsa a bisa gicciye. Baba Habila yakan ce, a wurin Ibraniyawa, wanda ya ambaci farkon waƙa ya kira dukanta ne. Aya ashirin da ɗaya na farko duhu ne: masu ba'a suna kaɗa kai, maƙiya sun kewaye shi kamar bijimai da karnuka, ƙarfinsa ya tsiyaye kamar ruwa, harshensa ya manne, an huda hannu da ƙafa, ana kuri'a a kan rigarsa. Goma na ƙarshe kuwa yabo ne a tsakiyar taron 'yan'uwa, matalauta suna ci suna ƙoshi, iyakar duniya tana juyowa, har a kai ga aya ta ƙarshe inda aka ce za a ba waɗanda ba a haifa ba tukuna labarin abin da Allah ya yi. Ga yadda ya tsara ta a littafinsa: ashirin da ɗaya ba kiɗa ko kaɗan, sai muryoyi. Sa'an nan shiru na numfashi uku. Sa'an nan tulu ya buga, kowa ya miƙe. Ranar da ya miƙa mini sandarsa, abu ɗaya ya sa na yi masa alkawari, cewa muddin ina riƙe da ita ba za a tsaya a tsakiyar wannan Zabura ba.

Na cika alkawarin cikin sauƙi shekara da shekaru, har shekarar gudun hijira ta zo.

Ku da kuke yara a lokacin kuna iya tuna hayaniyar, amma ba ku san yadda ta shafi aiki ba. Da masu tayar da ƙayar baya suka kori mutane daga Madagali da Michika da Mubi, Yola da Jimeta suka cika maƙil. Babu gidan da bai karɓi baƙi ba. Zauren Modibbo Hamman kansa ya koma wurin kwana. Mu kuma filin majami'a da azuzuwan makarantarmu suka cika da tabarmi da ƙullin kaya. A lokaci guda jita-jita tana yawo cewa Yola ce ta gaba, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwashe iyalansu zuwa Gombe da Jos da ƙauyukan kudu. Mawaƙana arba'in suka koma tara har da ni, yawancinsu tsofaffi irina. Da Ista ta matso, Fasto ya kira ni ya ce, "Malam Bulus, mutum tara ba sa rabuwa dama da hagu. Bana a karanta ta kawai." Na roƙe shi ya ba ni mako uku. Na ce mawaƙa suna nan kwance a filinmu.

A cikin baƙin akwai Mama Saratu, dattijuwa daga duwatsun ƙasar Michika, wadda ita ce take ba da waƙa a zumuntar matan ƙauyensu. Ta iso da ƙafa, ita da matar ɗanta mai juna biyu. Ɗan nata ya tsaya a baya domin ya kora shanu, aka kashe shi a hanya, ba su sami binne shi ba. Ita na fara nema, domin na lura in ta yi magana matan suna yin shiru. Ta tara mini mutum wajen sittin, maza da mata, harsuna dabam-dabam, Hausa ce kaɗai ta haɗa su, ita ma kowa da irin tasa. Na rubuta ayoyin a allo, na karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Abin da yakan ɗauki mawaƙan gari wata guda, waɗannan suka riƙe shi a zama biyu. Ban taɓa jin an rera rabin farko haka ba. Ba su bukaci in gaya musu inda za su sassauta murya ba.

A zama na uku na yi kuskuren da ya kusa rushe aikin. Muka kai aya ta ashirin da ɗaya, na ƙirga numfashi uku kamar yadda littafi ya ce, na miƙa wa Mama Saratu tulu, na ɗaga sanda ina murmushi, ina tafi, na ce, "To, jama'a, a miƙe! Yanzu lokacin murna ne!" Ba wanda ya motsa. Na sake cewa a miƙe. Mama Saratu ta ajiye tulun a ƙasa a hankali, ta dube ni ta ce, "Malam, ka taɓa barin gawan ɗanka a hanya ka gudu?" Na ce a'a. Ta ce, "To, wannan rabin naka ne. Namu ya ƙare a nan." Ta tashi ta fita, sauran suka bi ta. A zama na huɗu, ni da mutanena takwas muka zauna muna kallon benci ba kowa a kai.

Dattawan ikilisiya suka ba da shawara, kuma ba shawarar banza ba ce. Suka ce a lallashe su su dawo, a rera ashirin da ɗaya, a tsaya inda suka tsaya, domin bana gaskiyar ke nan. Na nemi kwana biyu. Na koma kan nassin, na karanta shi da Ibrananci, na fita na yi zirga-zirgar darbejiya da shi kamar ɗan koyo, ina ratsa tsakanin tukwane da shanyar baƙi. A nan na ga abin da na shekara talatin ina rerawa ban gani ba. Babu inda aka ce an mayar wa mai kukan nan rigarsa kafin ya fara yabo. Babu inda aka ce rauninsa ya warke. Abin da ya sauya shi ne, a rabin farko shi kaɗai ne a tsakiyar maƙiya, a rabi na biyu yana tsakiyar 'yan'uwa. Ashe ba umarni ake ba mai makoki ya miƙe ba. 'Yan'uwa ne suke kewaye shi su riƙe waƙar.

Da la'asar na sami Mama Saratu a bayan azuzuwa tana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Na cire hula na ce, "Mama, na kaɗa ganga a gidan makoki. Ki gafarce ni." Ba ta daina tuƙi ba. Na ce, "Ku rera ashirin da ɗaya. Goma na ƙarshe mu tara za mu ɗauka, ba kiɗa, ba tafi. Ku zauna kawai, kada ku fita."

Ta ce, "Ku tara? Da muryan nan naka kamar ƙofan kwano?"

Na ce, "Ita Allah ya ba ni, Mama."

Ta ce, "Karanta mini wannan ƙarshen da kake ta mutuwa a kai. Karatu, ba waƙa ba."

Na karanta mata goman a tsaye, hayaƙi yana shiga mini ido. Da na gama ta ce in maimaita ta ƙarshe. Na maimaita. Ta dubi matar ɗanta da ke zaune a gefe tana tsinke zogale, ta koma kan tukunyarta. Can ta ce, "Za mu zo. Amma kada ka ɗaga mini wannan sandan."

Ranar Juma'a Mai Kyau sujada ta fara da tsakar rana, cikin zafin Yola na bazara, wanda yake sa benci ya ƙona cinya. A ƙofa ana binciken kowa, ba a shiga da jaka. Har tulun sai da mai gadi ya leƙa cikinsa, ya girgiza shi a kunne, kafin ya bari a wuce da shi. Ban yi niyyar a buga shi ba, amma shekara da shekaru bai taɓa fashin wannan rana ba, sai na ajiye shi a ƙarshen bencin gaba. Majami'a ta cika har tagogi. Na raba baƙin dama da hagu, mu tara muka tsaya a bayansu.

Suka fara. Dama ta yi tambaya, hagu ta amsa da tambaya. Da aka kai wurin raba tufafi, na ga mutane suna duban rigunan da ke jikinsu, domin kusan duka na taimako ne, wani hannun riga ya wuce yatsu, wani bai kai gwiwar hannu ba. Aka kai ta ashirin da ɗaya, aka yi shiru. Ban ƙirga numfashi ba. Na soke sandar a aljihu, na bar shirun ya yi tsawon da yake so. Sa'an nan na ja numfashi na fara, takwas suka bi ni.

Muryarmu ba ta kai tsakiyar majami'a ba. Tsofaffi tara ne suna yabo a bayan mutum sittin da suke zaune kansu a sunkuye. Muka wuce aya ɗaya, muka wuce biyu, muka wuce uku. Da muka kai inda aka ce matalauta za su ci su ƙoshi, wani tsoho a ɓangaren hagu ya amsa, shi kaɗai, a zaune. A aya ta gaba mata biyu suka shiga. Sai na ji tulu.

Ba bugun da ke littafin Baba Habila ba ne. Nasa mai sauri ne, irin na biki. Wannan mai nauyi ne, a hankali, kamar takun mutanen da suke hawan dutse da kaya a ka. Mama Saratu ta jawo tulun tsakanin gwiwoyinta tana bugawa, ba ta dubi kowa ba. Nan take na karya karina na bi nata. Ba wanda ya ce a miƙe, amma benci bayan benci aka miƙe, baƙi da 'yan gari, dama tana bayarwa hagu tana amsawa, har waɗanda suke waje a gindin darbejiya suka ɗauka. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Fasto ya bar mumbari ya sauko cikin jama'a. Da aka zo aya ta ƙarshe, ta waɗanda ba a haifa ba tukuna, Mama Saratu ta karɓe ta da muryarta ita kaɗai, hannu ɗaya yana kan tulu, ɗaya ta ɗora shi a kan cikin matar ɗanta. Jama'a suka amsa. Ta sake bayarwa, suka sake amsawa. Sau bakwai aka maimaita ayar nan, abin da babu shi a littafi, kuma ban hana ba.

Bayan an tashi ta miƙo mini tulun ta ce, "Malam, waƙan yana da kyau. Kiɗan naku ne ya cika gaggawa, kamar ana koran mutum. Haka ake yi." A ranar na buɗe littafin Baba Habila, abin da ban taɓa yi da alƙalami a hannu ba, na rubuta bugunta a ƙarƙashin nasa. Na kuma soke maganar numfashi uku, na rubuta cewa a jira. Bugun da kuke ji kowace shekara ke nan, Nuhu, wanda kake cewa ba ya shiga fiyano da kyau. Ba domin fiyano aka yi shi ba.

Da hanya ta buɗe, Mama Saratu ta koma duwatsunsu ta sake rufa ɗakinta. Matar ɗanta ta zauna a nan Jimeta, tana ɗinki a unguwar Ajiya. Jaririyar da ta haifa a ajin makarantarmu, makonni kaɗan bayan Istar nan, ita ce Godiya, yarinyar da take tsayawa a layin gaba cikin mawaƙan yara, mai tsefe kitso in ana addu'a. Kun san ta. Bana na ba ta aya ta talatin da ɗaya, ta kuwa riƙe ta tun makon jiya.

Saboda haka ga yadda za a yi. Fiyano zai yi shiru har aya ashirin da ɗaya. Za a jira. Tulu zai shiga, sa'an nan kai ka bi shi a baya, a hankali. In kuwa har yanzu kana ganin a tsaya a ta biyar, Nuhu, ba ni za ka gaya wa ba. Godiya tana zuwa koyon waƙa ranar Asabar da ƙarfe huɗu. Sai ka tsaya a gabanta ka faɗa mata cewa bana ba za a kai wurinta ba.